Yayar Ranar Lefe

A bayan layinmu akwai wata Hajiya Suwaiba mai gidan bene da farin get, wadda Allah ya hore wa iya rabon zumunci kamar yadda mahauci yake raba nama: wannan tsoka, wannan ƙashi, wannan kuma na mage. Ita a wurinta 'yan'uwantaka ba daga ciki ake fitowa da ita ba, a bakin get ake yanke ta. In kika sauko daga mota mai sanyi, kafin ki gama gyara mayafi kin zama "shaƙiƙiyata". In a-daidaita ya sauke ki, "'yar'uwa ce." In kuwa da silifa kika tako tun daga bakin titi, to sai haƙuri, "'yar garinmu ce." Maza ma ba su tsira ba. Ƙanenta Ɗanjuma mai faci, wanda ya karɓi nono daga bakinta, sunansa "yaron gidanmu". Wani ɗan kwangila kuwa, abokin mijinta, wanda ko hanyar ƙauyensu bai sani ba, shi ne "wana, babban wa magajin uba".

Wadda abin ya fi faɗawa kanta ita ce Tabawa, yayar Hajiya uwa ɗaya uba ɗaya. Tabawa ce ta goye ta lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta jinya, ita ta koya mata ɗaurin zane da tuƙin tuwo. Tana can ƙauye tana sana'ar daddawa, kuma kowa ya san daddawa ba ta barin mai ita ya yi tafiya shi kaɗai. Tun da Hajiya ta tare a gidan bene, kalmar "Yaya" ta yi mata nauyi a baki. Ta kira sunanta gatsal kuma harshe ya ƙi, don ko yaya mutum ya waye akwai abin da aka dasa masa tun yana tsumman goyo. Sai ta samo tsaka-tsaki. In Tabawa ta zo, sai ta ce, "A'a, mutanen ƙauye ne? Zagayo ta baya, an goge tayil." Tabawa ta zagaya ta ƙofar kicin da ƙullin daddawarta da kukarta.

Kada ku ce Hajiya ba ta da Yaya. Tana da ita, ta zinariya ma. Sunanta Hajiya Balaraba, a tanti ɗaya suka zauna a aikin hajji, tana saro kayan Dubai, in ta yi dariya haƙorin Makka ya haska falo. In aka bi shekaru Suwaiba ce ma gaba da ita, amma wa yake bin shekaru a gaban mai awarwaro har gwiwar hannu? "Yaya Hajiya ta ce, Yaya Hajiya ta yi," har masu aikin gidan sun ɗauka ciki ɗaya suka fito.

Ana nan sai Nusaiba, 'yar farin Hajiya, ta samu miji. Yaro ne mai hankali, tana sonsa yana sonta, ɗan wani gidan malamai na cikin gari, irin gidajen da suke tonon asali kamar kaza a juji. Mai riƙe da ragamar matan gidan wata tsohuwa ce, Gwaggo Yalwa, yayar uban yaron, ƙarama a jiki, ga ido kamar na shaho. An ce ta taɓa kai lefe wani gida, ta tarar ƙawayen uwar amarya ne zalla suka cika falo, babu jini ko ɗaya, ta sa aka mayar da akwatuna mota ko ruwa ba ta sha ba, auren da ba a yi ba ke nan.

Ranar da Gwaggo Yalwa ta fara zuwa ganin gida, aka yi rashin sa'a Tabawa tana nan. Ita ta shigo da tiren zoɓo, ta durƙusa ta ajiye. Tsohuwa ta bi ta da kallo, ta tambaya wace ce. Hajiya ko ƙifta ido ba ta yi ba ta ce 'yar garinsu ce, takan zo ta taya su ɗan aikace-aikace. Tabawa ta miƙe ta fita. Daga nan Hajiya ta ɓalle da labarin yayarta, babbar mace, mai kaza da kaza, wadda ba a yanke komai a dangi sai da ita. Gwaggo Yalwa ta gyaɗa kai, ta ce madalla, haka ake so. Ta ce su a gidansu ba sa ajiye akwati a gaban ƙawaye ko yara, ranar lefe a hannun wannan yayar za su damƙa kaya, don wanda zai ɗauki 'ya ɗakin da uwarta ta fito yake leƙawa.

Hajiya ta ji daɗi har kunne. Dama ita ba fitowa za ta yi ba. Uwa ba ta zama karɓar lefen 'yarta, balle 'yar fari, wadda ko sunanta ba ta faɗa a gaban mutane. Uwa tana ƙuryar ɗaki, yayyenta da ƙannenta su ne a falo. Ta riga ta hango Yaya Hajiya a kan babbar kujera, awarwaro na ƙara, mutanen cikin gari suna haɗiyar yawu. Tabawa kuma aka aika mata ta zo da wuri, don duk faɗin dangi babu mai hannunta a alkaki da nakiya da dubulan. Ta zo, ta zagaya ta baya, ta ɗaura ɗan tofi ta hau aiki.

Ranar lefe da hantsi gida ya ɗauki ƙamshi. Ƙannen mijin Hajiya mata biyu sun zo, amma yara ne, ɗaya ma goyon fari take yi, ba waɗanda za a tara wa Gwaggo Yalwa ba ne. Azahar ta yi, babu Yaya Hajiya. Hajiya ta kira waya, ta sake kira, sai can aka ɗauka, ana jin ƙarar mota da iska. Hajiya Balaraba ta ce wallahi ta yi niyya, har ta fitar da kayan da za ta sa, sai aka bugo mata cewa ƙanwarta tana kan gwiwa a wani gari, ga ta nan a hanya.

Hajiya ta ce, "To ni fa, Yaya? Ni ba ƙanwarki ba ce?"

"Haba Suwaiba, ke ai ƙawa ce, za ki gane. Wannan fa ciki ɗaya muka fito, kin san ba a wasa da jini."

Waya ta katse. Hajiya ta tsaya da ita a kunne kamar mai jiran a canza magana. Ba ta sauke ba ta ji hon a bakin get, ta ji guɗa, ta leƙa ta taga ta ga ana sauke akwatuna, ga Gwaggo Yalwa a gaba da carbinta, tana duban gidan sama da ƙasa. A saman bene kuma Nusaiba tana can da lalle a ƙafa, ba ta san wainar da ake toyawa ba.

Hajiya ta lissafa matan unguwa a ranta, ta ga duk wadda ta ɗauko tambaya biyu za ta tona ta. Sai ƙafafunta suka kai ta inda ba ta saba zuwa da kwalliya ba. A bayan kicin ta tarar da Tabawa zaune kan kujera 'yar tsugunne, tana tsamo alkaki daga ruwan suga, gumi na bin tsagar da ke kumatunta, irin tsagar da Hajiya take binne tata da hoda kullum safe.

Hajiya ta tsaya a gabanta. Da ƙyar kalmar ta fito daga bakinta.

"Yaya."

Tabawa ta waiwaya bayanta, ta duba dama, ta duba hagu. Ta ce, "Hajiya Balarabar ce ta iso? Ta nan baya ta shigo?"

Hajiya ta durƙusa, leshinta a cikin toka, ta zayyana mata komai: wayar, tsohuwar, akwatunan da aka taɓa mayarwa mota. Ta haɗa ta da Allah, ta haɗa ta da darajar iyayensu da ke ƙasa. Tabawa ta gama tsame alkakin da ke cikin tukunya tukuna, don kada ya jiƙe ya lalace. Sannan ta wanke hannu, ta ce Nusaiba dai ita ta yanke mata cibi, ita ta yi wa uwarta wankan jego, ba za ta zauna a mayar da kayan yarinya ba tana numfashi.

Nan da nan aka haye da ita sama ta matakalar baya. Hajiya ta jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani leshi ruwan zuma da ta ajiye shekara da shekaru don babbar rana, sai ƙamshin kafur yake. Ta ɗaura mata ɗankwali da hannunta, ta zuba mata sarƙa, ta feshe ta da turare kamar mai kashe sauro. Tana yi tana gargaɗi: kada ta yi dogon zance, kada ta ambaci ƙauye, daddawa kuwa ko da wasa. Tabawa dai "to" kawai take cewa. Da aka gama, don kada baƙi su ga ta ɓullo daga wajen kicin, sai aka zagaya da ita waje, ta shigo ta ƙofar gaba. Ta ɗan tsaya a kan tayil ɗin, ta dube shi da kyau, sannan ta yi sallama.

Hajiya kuma ta shige ɗakin da ke jikin falo, ta manna kunne a labule. Al'ada ta ɗaure ta, ko gobara ake ba ta da bakin magana.

Abin mamaki, sai ga Tabawa ta zauna a babbar kujera kamar a kanta aka haife ta. Ta yi wa baƙi barka da zuwa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka buɗe akwatuna. Ba ta yi rawar kai a kan atamfa ba, ba ta kuma raina ba, kowane ta ɗaga sai ta sa albarka, ta ce Allah ya sa a kashe lafiya. Ta tsokani ƙannen ango, ta ce saura su zo su ga irin tuwon da 'yarta take tuƙawa. Falo ya ɗauki dariya. Aka shigo da alkaki, Gwaggo Yalwa ta gutsura, ta lumshe ido, ta ce rabonta da irin wannan tun tana amarya. A bayan labule Hajiya ta saki numfashi, har ta fara tsara yadda za ta ba da labari gobe.

An rufe akwati na ƙarshe, an yi addu'a, an shafa, kaya sun karɓu. Baƙi sun fara neman takalma, sai tsohuwa ta gyara zama, ta ƙura wa Tabawa ido. Ta dubi babban hoton Hajiya da ke bango, wanda mai hoto ya manta bai goge tsagar ba, ta sake duban Tabawa.

Ta ce, "Ikon Allah, kamar an tsaga kara. Ke ce yayar tata ke nan. Uba kuka haɗa, ko har ɗaki?"

Tabawa ta ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya, Gwaggo. Nonon ma ni na sakar mata."

Hajiya ta ji sanyi a ranta, ta ce a zuci Allah ya yi wa Yaya albarka. Amma tsohuwa ba ta gama ba. Ta ja carbi ɗaya, biyu, ta ce ita fa tsufa bai ci idonta ba. Wancan zuwan, wadda ta kawo mata zoɓo, aka ce 'yar garinsu ce mai taya aiki, ba wannan fuskar ba ce?

Labule ya ɗan motsa.

Tabawa ta ce ita ce, ba wata ba.

"To yaya aka yi 'yar gari ta zama Yaya?"

Tabawa ta shafa hannun rigar da ke jikinta, ta yi murmushi, ta ɗan ɗaga murya yadda na bayan labule zai ji.

"Ai ni da leshin nan duk na gidan ne, Gwaggo, ba aro ba. Sai dai don babbar rana ake ajiye mu. Yau tare aka fito da mu daga akwati, kuna tafiya tare za a ninke mu."