Rasuwar Dolly, Motar da Rama Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da suka gaji da ihun maza biyu, ni Hilda Garbutt nake sanar da mutanen ƙauyen nan rasuwar Dolly, 'yar ƙaramar motar tseren gidanmu. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar a tsohon filin jirgin sama na bayan gari, inda masu motoci ke taruwa su yi ta zagaye kamar an saka su. Har yanzu da nake rubutun nan, mijina Wilf yana tsaye a falo yana kiran mijin 'yarmu, Alec, mai kisan kai. 'Yarmu Lynne kuma ta rantse in aka sake faɗin kalmar, ita da gidan nan har abada, kuma da jikokina za ta tafi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Marigayiyar mai kunya ce, ba ta kai gwiwar mutum tsayi ba. Wilf ne ya haɗa ta da hannunsa a gareji, ƙarfe bayan ƙarfe, a shekarun da ya kamata ya gyara mana rufin kicin. Ba ta da rufi, ba ta da ƙofa, ba ta taɓa ɗauko ko buhun dankali ba. Da safe takan yi tari biyu, "kaf, kaf", sannan ta ce "ɓrrrram", sai matar fasto ta rufe taga. Ba ta taɓa cin amanar kowa ba, sai dai ita aka ci tata.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga rama. Mutanen filin nan, in ba ku sani ba, nauyi ne abokin gabarsu. Wilf ya cire mata abin ɗumama ƙafa. Ya cire gilashi. Ya cire kujerar gefe, wato tawa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hilda, ba don wani abu ba, lissafi ne." Mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki!

Da likita ya hana Wilf tuƙin gudu, sai Alec ya ce zai karɓe ta, amma bari ya gwada ta tukuna. A filin akwai dokar ƙara. Motar da ta cika ihu, sai a ɗaga mata baƙar tuta, ta fito. Ina zaune da flas ɗin shayina na ji Wilf ya ranƙwafa kan hular kwanon yaron ya ce, "In sun ɗaga maka tuta, salansa ce kawai. Saki totur a gaban na'urarsu ta awon ƙara, ka yi kamar ba ka gani ba."

"To, Baba," in ji Alec, mai ladabin tsiya.

Aka ɗaga tuta. Ya wuce. Aka sake ɗagawa, mai tutar har da tsalle. Ya wuce. Ashe ba ƙara ba ce. Baƙin mai ne ke tsiyaya a bayanta kamar an yanka ta. A kwanar ƙarshe ta ce "ƙaƙaƙa", injin ya buga, ta juya sau biyu a kan man da ta zubar, ta tafi ta rungumi tulin tayoyi. Hayaƙi ya tashi. Lynne ta damƙe hannuna har yau da shaida. Ba wanda ya yi numfashi sai da muka ga hular nan ta motsa, Alec ya rarrafo ya fito. Wilf ya ruga a guje, ya wuce yaron, ya durƙusa gaban mota. Lynne ta gani. Kowa ya gani.

To, ga abin da ba a faɗa a mashaya. Ranar Alhamis Wilf ya kwance notin ƙarfe da ke toshe tukunyar mai, ya ɗaura wani na alminiyam, wai ya fi sauƙi. Nauyin da ya rage bai kai na biskit ɗaya ba, kuma ta wurin sabon notin nan man ya tsiyaye. Tsohon notin na tsince shi a aljihun wandonsa wajen wanki, ga shi nan kusa da kwanon sukari.

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyi uku masu lafiya, da sitiyari, da kujera ɗaya da aka kora saboda nauyi. A kanta nake zaune.

Za a yi jana'iza ranar Laraba bayan azahar. Janwe zai ɗauki gawa daga gareji zuwa wurin 'yan gwangwan. Za a sha shayi da kek a zauren coci. Maza su zo babu shawara. Allah ya jiƙanta.

Ƙarin bayani: Wilf ya shigo ya karanta ta bayan kafaɗata. Wuyansa ya yi ja.

"Wannan za ki manna a ƙofar coci?"

"Da ta mashaya," na ce.

"Tsohuwar magulmaciya."

Ya daɗe yana kallon notin. Sai ya ɗauka ya jefa a aljihu, ya ja hularsa.

"Alec yana gida?"

Kafin in amsa, ya fice ya buga ƙofa har cokali ya yi tsalle a kofina.