Rasuwar Baba Shiru, Mai Riƙon Makullan Ɗakin Injina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta gama yarda da abin da aka gaya mata ba, injiniyan da ke kula da ɗakin injina na bene na biyu yake sanar da 'yan uwa da abokan aiki da kwastomomi rasuwar amininsa, ɗan guntun na'urar tsaron nan da kowa ya sani da Baba Shiru. An ce tsufa ne ya ɗauke shi. Injiniya ya ji, ya gyaɗa kai, amma har yanzu bai ce ya yarda ba.

Marigayin bai kai farcen babban yatsa girma ba. Baƙi ne wuluk, mai siraran ƙafafun ƙarfe, kuma ya yi rayuwarsa duka a tsugune a wani lungu cikin babban inji, dab da fanka. Aikinsa ɗaya ne, riƙon makullai, irin na lambobi da ake kulle bayanan mutane da su. Bai taɓa miƙa wa kowa makulli a hannu ba. In ka zo masa a yadda ya san ka, ya buɗe maka. In ka sauya kama ko da kaɗan ne, sai ya yi kamar bai taɓa ganinka ba. Ba ya jin magiya, ba ya sanin manya. Ba a taɓa jin muryarsa ba, in ban da "ƙit" ɗin nan guda da babban inji ke yi idan komai ya tashi lafiya, wanda Injiniya ya daɗe yana ɗauka gaisuwar marigayin ce gare shi.

Domin waɗanda ba su san gidan ba: babban injin kamar gidan haya yake. A cikinsa akwai ƙananan kwamfutoci marasa jiki, kowace an ba wani kwastoma. Irin waɗannan a makance suke farkawa. Ba su san abin da ke kewaye da su ba sai manhajar da ke tashinsu ta karanta wani jadawali da ake ajiye mata, mai cewa ga ƙwaƙwalwa nan, ga agogo can, ga mai tsaro a wuri kaza, ga kuma yadda ake ƙwanƙwasa masa. Wanda jadawalin bai ambata ba, ko yana zaune a gefenta, a wurinta babu shi. Injiniya ne da hannunsa ya rubuta layukan da suka gabatar da marigayin ga kwamfutar mai kantin maganin nan na kan kwana, wata dattijuwa da ke kiransa ɗana. A ciki take ajiye bayanin wanda ke shan maganin hawan jini, da wanda allura kaza ba ta karɓe shi ba, da wanda bai kamata a haɗa masa wannan da wancan ba. Shekara da shekaru kwamfutar na farkawa, ta karanta, ta ƙwanƙwasa, a buɗe mata. Ko sau ɗaya ba a ji kansu ba.

Rashin lafiyar ta soma ne, a ganin iyalan mamacin, ranar da ƙanin matar mai kamfani ya shigo ofis da jakar goyo da turare mai hawa kai. Zamani ake ce masa, don ba ya gama magana bai ce zamani ya wuce nan ba. Ya leƙa cikin babban inji, ya nuna marigayin da bakin biro, ya ce, "Har yanzu wannan tsohon kuke lallaɓawa? Ai yanzu da manhaja ake yin mai tsaro, kowace kwamfuta da nata." Injiniya bai musa ba, don gaskiya ana yi. Abin da ya roƙa kawai shi ne a bari ya kwashe makullai cikin natsuwa kafin a taɓa jadawali. Zamani ya ce ba matsala, yana murmushi. Iyalai suna so a san cewa sun lura da murmushin.

A makon ne haƙori ya tasa Injiniya gaba, har ya ɗauki hutun yini ya je aka cire. Ya bar marigayin garau. Yana kwance a gida da auduga a baki mai kantin magani ta kira shi. "Ɗana, abin nan ya ƙi buɗewa, ga mutane a tsaye a kaina." Ya zo da kumburarren kumatu, ya buɗe jadawali, ya tarar an goge layukansa. A madadinsu an rubuta wurin wani sabon mai tsaro na manhaja, wanda bai san kowa ba kuma ba ya riƙe da komai. Kwamfutar baiwar Allah ta farka, ta bi abin da aka rubuta mata, ta ƙwanƙwasa ƙofar baƙo, baƙo ya ce bai san zancen ba.

Da a nan abin ya tsaya, da mayar da layuka kawai za a yi, a sha shayi. Amma da Injiniya ya mayar da su, marigayin bai amsa ba. Bincike ya nuna an yi ta gwada masa kalmar sirri ta ƙarya har ya ƙule ya rufe bakinsa, kamar yadda aka san shi da yi. Daga nan aka ba da umarnin wanke shi tas, makullai da komai. Wannan umarni, a yadda aka saita injin, ba ya tafiya daga nesa. Sai mutum ya tsaya a ɗakin da ƙafafunsa ya danna da yatsansa. Bayan haka kuma wani ya zare shi daga mazauninsa ya mayar a karkace, ƙafafu biyu suka lanƙwashe, ɗaya ta karye. A haka Injiniya ya same shi. Ya ɗora shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

Iyalai ba sa zargin kowa. Suna dai ambata cewa Zamani ya amsa cewa shi ne ya sauya jadawali, amma ya rantse daga teburinsa ya yi, bai taka ɗakin ba a ranar, kuma ba shi da makullin ƙofar. Suna ambata cewa kyamarar ɗakin ta zaɓi wannan yinin ta huta. Suna ambata cewa bayan na Injiniya, makulli ɗaya ne ya rage, yana aljihun mai kamfani, mutumin da ya taɓa gyara rediyo a ƙuruciya kuma bai daina ba da labarin ba. Da Injiniya ya tambaye shi washegari cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ko an shiga ɗakin jiya?" sai ya ce, "Kai dai tsufa ne, kada ka wahalar da kanka," ya tura hannun dama cikin aljihu. Kafin hannun ya shige, an ga filasta a babban yatsa. Ƙafafun marigayin suna da tsini. Iyalai dai ba sa zargin kowa.

Marigayin ya bar babban inji, wanda ke ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba, abin da bai yi wa Injiniya daɗi ba. Ya bar fanka, maƙwabciyarsa, wadda ta ga komai amma ba ta cewa sai "huuu". Ya bar kwamfuta marainiya da faifan bayananta a kulle wanda babu mai buɗe shi har abada. Ya bar mai kantin magani, wadda aka dawo mata da wani tsohon kwafi mai giɓi, take bin kwastomominta ɗaya bayan ɗaya a waya tana tambayar tsofaffi sunan maganin da su kansu ba su riƙe ba. Ya kuma bar magajin da aka naɗa tun yana da rai, wanda iyalai ba su da abin cewa a kansa tukuna.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan ofis, gefen janareta. Bisa ƙa'idar aikin, mai riƙon sirri ba a jefa shi a kwandon shara, ana farfasa shi ne a gaban shaidu har ya zama gari. Kafin lokacin gawar tana cikin ambulan a aljihun gaban rigar Injiniya, kuma ba za a ba kowa ya riƙe ba, ko don ganin ƙarshe. Ana karɓar ta'aziyya a bakin ƙofar ɗakin injina, daga waje, domin an sauya kwaɗo.

Zamani ya yi tayin kawo guduma, an gode masa, an ce ya bar shi. Mai kantin magani ta ce ita za ta zo da tata, babba, kuma ta roƙi a tabbata mai kamfani da ƙanin matarsa sun tsaya a sahun gaba, kusa da ita.