Mantau da Dattijuwa, Akori-kurar Baba Jatau

A ƙauyen Rafin Ɗinya ba wanda bai san gidan Jatau direba ba. Mutum huɗu ne a ciki: Baba Jatau, da matarsa Inna Kande, da babban ɗansu Shekarau tela, sai ƙaramin, Mantau. Ta biyar ɗinsu mota ce, wata tsohuwar akori-kura da ake kira Dattijuwa. Shekara talatin da ɗaya Baba Jatau yana lodin gero da awaki da matan biki a bayanta, kuma duk tsawon lokacin nan ba mahaluƙin da ya taɓa zama a kujerarsa ta direba. Ko bakanike ne zai gwada inji, sai dai ya tsaya a waje ya zura hannu ta taga.

Shi kuwa Mantau ya haura talatin, ƙato ne, ga ƙarfi, ga farar zuciya. Illarsa guda ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka faɗi rabin magana ka haɗiye rabi, to, kai ka jiyo.

Ana nan sai ciwo ya kwantar da Baba Jatau wata bakwai. Ya tashi, amma idanu sun tafi. Dattijuwa ta zauna a rumfa har kaji suka mai da bayanta wurin ƙwai. Shekarau ya ce, "Baba, a kira 'yan gwangwan su sare ta su auna ƙarfen. Ta zama gidan ɓera."

Baba Jatau ya ce, "Ka ba ni zuwa kaka. In ba ta tashi ba, ka kira su." Ya lalubo wuyan hannun Mantau ya riƙe. "Ni zan riƙa faɗa, kai kana yi. Kada ka bari su sare mini ita."

Mantau ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Tun da yake, ba a taɓa danƙa masa abin da ya fi tsaron shanya ba.

Wata rana Baba Jatau ya ce a canza baƙin mai. Ya ce, "Ka shiga ƙarƙashinta da sifana ka kwance notin nan babba, tsohon mai ya tsiyaye. Sannan ka zuba sabo ta sama, kana duba geji, har sai ya kai layi." Ya koma zaure ya kishingiɗa. Mantau ya kwance, mai ya tsiyaye, ya fara zuba sabo. Ya duba geji, ƙayau. Ya ƙara, ya duba, ƙayau. Galan ya ƙare. Bawan Allah ya shiga cikin gida ya ɗauko man gyaɗar da Inna Kande ta yi kwana biyu tana matsa, ya ɗura shi duka. Sai ga Inna ta fito da salati, ta tarar da agwagi suna zamewa a ƙarƙashin mota.

Baba Jatau ya ce, "Mantau, ka mai da notin kuwa?"

"A'a, Baba."

"Don me?"

"Cewa ka yi in kwance."

Tsohon ya dafa kai. "Haka ne. Laifina ne." Wannan kalmar ta fi yi wa Mantau ciwo a kan zagi. Ya ƙi cin tuwo ranar, ya zauna yana kwashe ƙasar da ta jiƙe da hannu.

Wata rana kuma Baba Jatau ya shafa bodin ya ji ƙura da kashin kaji. Ya ce, "Ashsha! Wanke ta tas, yadda Inna ke wanke tukunyarta." Mantau ya je ya tsuguna a madafa ya ƙura wa Inna ido har ta gama wanke-wanke, don kada ya yi kuskure. Ya ɗebo toka da yashi da soson ƙarfe. Tun hantsi yake dirza har la'asar. Shuɗin fentin nan da ake hango Dattijuwa da shi tun daga gada ya bi ruwa. Rubutun da ke ƙofar baya, "Allah Ya Kai Mu Lafiya", wanda Baba Jatau ya sa aka yi ranar sunan Mantau, shi ma ya tafi, ko harafi bai saura ba. Bai tsaya nan ba. Ya shiga maƙwabta yana neman ƙarti shida.

Suka ce, "Me za a yi?"

Ya ce, "Kife ta za mu yi ta tsane. Haka Inna ke yi."

Allah ya sa Shekarau ya dawo daga shago sun riga sun ɗaga gefe guda. Ranar garin ya sha dariya, har da masu riƙe ciki. Baba Jatau bai yi ba. Ya sa aka kai shi bayan motar, ya yi ta bin ƙarfen da yatsa yana neman tudun haruffan. Da bai samu ba sai ya ce, "To, ai ta fita." Mantau yana tsaye yana kallon yatsan nan, hawaye na bin gemunsa.

Wata rana aka zo kan kafireta, inda mai ke bi ya shiga inji. Datti ya toshe ta. Baba Jatau ya ce, "Ƙananan kaya ne a ciki, Mantau. Duk abin da ka cire, ka ajiye shi inda hannun kowa ba zai kai ba." Mantau ya warware ta ɗaya bayan ɗaya, ya tara a hula. Ya duba taga, Inna na kaiwa. Ya duba saman katanga, Shekarau na kaiwa. Sai ya hau rumbu ya juye su cikin gero, ya sa sanda ya tura su can ƙasa. Ya sauko ya gwada da hannunsa, bai kai ba, hankalinsa ya kwanta. Kwana huɗu gidan nan ana tankaɗen gero, Inna na sababi, Shekarau na tsaki. Ƙaramar allurar kafiretar ma sai a turmi aka tsince ta.

Amma fa a faɗi gaskiya, ranar da aka mai da kafiretar nan ita ce rana mafi daɗi da Mantau ya taɓa gani. Uban ya zauna a kan tabarma, yana lalubar kowane ƙarfe yana faɗin sunansa, yana ɗora hannunsa a kan na ɗan suna ɗaurawa tare. A nan kam ba a bar rabin magana ba, don haka ba a yi kuskure ko ɗaya ba. Suka goge fulogi, suka zuba sabon baƙin mai da fetur, aka kai batir caji. Baba Jatau har waƙar tasha ya yi ƙasa-ƙasa.

Wata rana, Jumma'a ce, aka zo za a ja Baba Jatau zuwa masallaci. Zumuɗi ya hana shi haƙuri. Ya miƙa wa Mantau makulli ya ce, "Gwada ta kafin in dawo. Ta taga fa, kada ka zauna mini a kujera. Ka murɗa, kada ka saki sai ta tashi." Kai, wannan magana, da ma bakinsa bai furta ta ba! Mota ta shekara ba ta motsa ba, ina za ta tashi a bugu ɗaya? Mantau ya murɗa. Kik, abin da ke tayar da inji, ya yi ta kuka. Ya ji ƙauri, bai saki ba. Ya ga hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin bonet, bai saki ba. Kukan ya shaƙe ya mutu, bai saki ba. Aka idar da salla aka dawo, aka same shi tsaye a rana, yatsunsa sun sandare a kan makulli.

Tun daga ƙofar gida hancin Baba Jatau ya gaya masa. Ya ce, "Saki, ɗana. Saki haka nan."

Kik ya ƙone ƙurmus. Mantau ya taka har kasuwanni uku da shi a buhu, masu kayan gyara suna juya shi suna dariya, suna cewa irin wannan tun zamanin kakanninsu aka daina kawowa. Aka sake cajin batir, amma me batir zai yi ba kik? Saura hanya guda, a tura ta. Turi kuwa sai da direba a ciki. Shekarau ya ce, "A kira wani daga tasha mana." Baba Jatau ya ce, "Ina raye? A kujerata?" Shi kuma bai ga yadda makaho zai riƙe sitiyari ba. Taurin kai ya haɗu da rashin ido, magana ta mutu a nan. Aka girbe gero, aka girbe dawa, kaka ta wuce.

Wata rana da safe Shekarau ya kira Mantau gefe. Ya ce, "Mai gwangwan ya zo, yana gindin tudu, babbar motarsa ba za ta hawo ba. Ka janye duwatsun taya ka turo ta daga rumfa zuwa bakin hanya, zan zo da wanda zai gangara da ita. Jiya mai gwangwan ya duba komai, saboda haka yadda take za ka fito da ita. Kada ka cire ko tsinke daga ciki. Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

Mantau ya nufi rumfa zuciyarsa kamar ta fashe, don ya san da hannunsa ya kashe ta. Yana zuwa ya tarar da Baba Jatau a ciki. Ashe tsohon ya sa Inna ta kawo shi ya yi sallama da motarsa. Yana zaune a kujerarsa, ya sa makulli ya murɗa shi yadda ya saba, hannu biyu a kan sitiyari. Mantau ya tsaya yana tunani. Yaya ya ce kada a cire ko tsinke. Baba kuwa ya fi tsinke. Shi ke nan, ya janye duwatsu, ya sa kafaɗa.

Gidan a kan tudu yake, kuma Mantau bai san ƙarfinsa ba. Turi uku Dattijuwa ta wuce bakin hanya ta kama gangara. Inna Kande ta ɗora hannu a ka tana ihu. Amma ƙafar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana aiki ba ta jiran ido. Baba Jatau ya taka kuloci, ya jefa giya ta biyu, ya saki. Mota ta yi tsalle, ta yi tari, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi da ciyawar ɓera ta salansa. Sai inji ya kama.

"Mantau! Kana ina?"

Mantau ya sheƙo da gudu ya ɗafe ƙofa. "Ga ni, Baba!"

"Faɗa mini abin da ke gabana. Duka!"

To, a duk faɗin ƙasar nan, in ana neman wanda za a ce wa "duka" ya faɗi duka, ai an samu. "Rami a dama, taku goma. Akuya a hagu, ta tsaya. Ta wuce. Kwana ta zo, hagu. Dutse ƙarami. Mai tallan fura, ta gudu. Yaya Shekarau da wani mutum, sun buɗe baki."

"Bar su su buɗe!"

Suka wuce su fuu, suka shiga filin makaranta, fili fetal ba kowa. Sau uku Baba Jatau ya zagaya shi, yana canza giya, yana dariya, hawaye na zuba daga idanun da ba sa gani. Sannan ya taka birki a hankali ya tsaya, ya bar inji yana aiki yana saurare.

Shekarau ya iso yana haki, ya zo da niyyar cin mutuncin Mantau. Da ya leƙa ya ga fuskar ubansa, sai ya janye kansa daga taga. Ya juya wurin mai gwangwan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. An fasa."

Baba Jatau ya lalubo kan Mantau ta taga ya dafa. Ya ce, "Ashe ina da ido a gidan nan, na zauna ina kukan makanta."

Sau ɗaya ke nan, Allah bai nufa a sake ba. Sanyin shekarar ya kwantar da tsohon, bai kai wata ba ya cika. Dattijuwa tana nan a rumfarta, ba mai zancen sare ta.

Bayan addu'ar bakwai Shekarau ya tarar da Mantau a bayan motar, ya jingina kafaɗa da ƙarfen yana kuka. Ya ce, "Haba Mantau, ka yi haƙuri. Kai ne fa ka faranta masa a ƙarshe."

Mantau ya girgiza kai. Ya ce, "Wata biyu tana jiran turi, Yaya, shi kuma yana zaune a zaure. Da kullum sai na zagaya da shi. Ba wanda ya ce in tura."