Ranar da Na Kai Babban Yatsana Zauren Baba Kyari

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kai ƙarar babban yatsana gaban Baba Kyari, maɗorin Ƙofar Ɗan Agundi, ba. A shekarun nan ne kafin samun 'yancin kai, ban daɗe da kammala kwalejin horon malamai ba, na sayi sabon keke, kuma zuciyata ta kwanta a kan 'yarsa Falmata, wadda ban taɓa iya ce wa ko sannu ba. Burina guda ne: dattijon ya ɗauke ni natsattsen mai ilimi, wanda ya cancanci a ba shi 'ya.

Ana cikin haka yatsan hannuna na dama ya fara ciwo. Gindinsa ya kumbura, yana zogi, alli ya gagare ni riƙewa, lomar tuwo ma sai da dabara. Na buɗe littafin kiwon lafiya na kwaleji, na tsamo dalilai bakwai, tun daga targaɗe da sanyin ƙashi har zuwa farkon kuturta, na rubuta su cikin tsari. Asibiti na nan kusa, amma na zaɓi zauren Baba Kyari (a ganina, dama ce ta nuna masa irin surukin da Allah yake shirin ba shi).

Na tarar da shi da dattawa huɗu a kan tabarma. Bayan gaisuwa na nemi izini, na miƙe tsaye, na karanta musu takardata daga farko har ƙarshe. Da na iso kan kuturta, biyu daga cikinsu suka ja da baya.

Baba Kyari ya miƙo hannu. Ya kama yatsan, ya murza, ya lanƙwasa shi gaba kamar mai tura wani abu. Na yi ƙara.

"Malam," in ji shi, "ina makarantarku take?"

Na ce Ƙofar Nassarawa.

"To, me ke biyo da kai lungun nan sau shida a yini? Tun daga bakin rijiya kake buga ƙararrawar keke har ka wuce ƙofata, alhali ba kowa a hanyar sai akuyata. Ita ma ta daina ɗaga kai."

Wani dattijo ya ƙara da cewa kajinsa sun daina ƙwai. Daga bayan ƙyaure kuma na ji ana danne dariya, muryar da na tabbata na san mai ita.

Na tambayi Baba Kyari magani.

"Ka kwance ƙararrawar. Sannan ka turo kawunka, shi da baki yake sallama."

Na tura keken da hannun hagu har gida. Kawuna ya je ranar Juma'a, aka karɓe shi hannu biyu, bayan an ba shi labarin har sau biyu. Tun daga lokacin na fahimci cewa abin da mutum yake ɓoyewa a zuciyarsa da matuƙar kulawa, galibi unguwa ta daɗe da gajiya da jinsa.