Ranar da na kulle makarantarmu a waje

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar raba sakamakon jarrabawa a makarantar da nake koyar da kwamfuta a Zonkwa. Sakamakon ɗalibai duk yana cikin wata babbar kwamfuta a ofis, kuma na lura baƙi daga waje suna ta gwada shiga cikinta. Sai na saita fayawol, wato shingen da ke tantance masu shiga, ya daina buɗe wa kowa sai adireshin intanet ɗaya, na makaranta. A taron malamai na tashi na yi bayani har da zane a allo (ba wanda ya tambaye ni), na ce daga yau ko ni ba zan iya shiga daga gida ba.

Abin da ban faɗa ba shi ne, a ɗakina a Kafanchan na yi aikin, da datar wayata.

Ranar Juma'a iyaye suka cika aji, wasu tun daga Kagoma a kan mashin. Fasto ya yi addu'a, Madam shugabar makaranta ta danna shafin sakamakon. Shiru. Ta sake dannawa. Na karɓa cike da isa, ni ma aka hana ni. Sai na juya na sanar da iyaye cewa 'yan kutse ne suka kawo mana hari. Har wata mama ta fara roƙon jinin Yesu a kan na'urar.

Da muka shiga ofis na buɗe saitin, Mista Yohanna mai koyar da lissafi ya leƙo ta kafaɗata. Ya gwada lambar adireshin da na saka da ta makaranta da ke manne a bango, ya ce a hankali, "Ticha, wannan ba namu ba ne fa. Na wanene?"

Ta datar wayata ce, ita na saka a matsayin ta makaranta ranar da na yi aikin a gida. Ita ma kamfanin layi ya riga ya canja ta, don haka duk duniya ba mai izinin shiga.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Madam ta ce tunda ni na sanar da harin, ni zan je in sanar da an kama ɗan kutsen. Na tsaya gaban iyaye, na ce ni ne.

Tun ranar, in na yi kuskure ina fara bincikar kaina kafin in zargi mutanen ƙasar waje.