Matakalar Rumbun Mami Yefon

"...ya ƙarfin jiki, amarya? Ko ƙugun ne ya hana ki amsa gaisuwar miji?"

"Jiki da sauƙi sai da na gan ka, mai kunnen tukunya. Wa ya aiko ka gidana da zarto?"

Ni na aiko shi, kuma tambayar nan ta sa na ji kamar in nutse. Mami Yefon yayata ce, gidajenmu na jingine da juna a bayan Kumbo. Watan jiya ta zamo daga tsanin gwangwalar da take hawa rumbun saman murhunta, sai ni uwar iyayi na aika wa jikanta Lukong, kafinta a Bamenda, ya zo ya yi mata matakalar katako. Sai da na ga katako a tsakar gida na tuna: ƙanƙara ta kashe mata gona bana, abin da ya rage a saman nan bai fi kwando ɗaya ba, kuma ni kaɗai na sani. Tsanin ba ya ɗaukar kowa sai ita, shi ya sa take cika baki a taron mata cewa masararta za ta kai baɗi. Jibi taron a gidanta ne, kuma na san matan garinmu, babu wadda za ta ga sabuwar matakala ta ƙi hawa.

Lukong bai san komai ba, ya hau awo yana fito.

"Katakon nan akwatin gawata za ka haɗa?"

"Ke? Ƙasa ma ta ce a dakata, ba ta shirya wa bakinki ba."

"Tsanina kakanka ya ɗaure shi, shekara talatin bai taɓa yada ni ba."

"To wa ya yada ke watan jiya?"

"Sauka na yi da sauri."

"Da ƙugu?"

"Kowa da yadda yake sauka. Kai da aka haifa da ƙafa a gaba har kana da bakin magana?"

Kafin rana ta take ya kafa taki shida. Ta ce akuya za ta hau, ya ce zai sa ƙyaure. Ta ce ɓera fa, ya ce yaushe ɓera ya taɓa jiran kafinta. Ya juya ɗaukar ƙusa, ya waiwayo babu guduma.

"Amarya, gudumata."

"Ni na raka ka sayenta?"

"To tun yaushe kika zama kaza, kike kwanci a kan ƙarfe?"

Ta ɗaga kaɗan, ya zare abarsa. Ta harare ni ta gefen ido. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi, sai na sunkuya ina ta tsinke ganyen miyar da na riga na gama tsinkewa.

Da yamma taki goma sha ɗaya suka cika, har da madafa a gefe. Aiki ya yi kyau, ba zan ci masa haƙƙi ba. Ya karkaɗe wando ya ɗora ƙafa.

"Sauko. Namiji ba ya leƙa rumbun mace."

"Ko miji?"

"Mijin da ko zani bai taɓa saya mini ba."

"Bari in ga dukiyar da zan gada, in ya so a yi maganar zani."

"Lukong."

Ba ta kiran sa da sunansa, amma bai lura ba, ya riga ya cusa kai ta kafar rumbun. Ya daɗe a haka. Da ya sauko, kansa duk baƙin hayaƙi, ya kasa kallon kowa a cikinmu.

"Garin da kike aiko mini Bamenda duk wata," ya ce a hankali, "daga nan yake?"

"Ragowar ɓeraye ne. Na ga kun yi kama, na ce a kai maka."

Bai yi dariya ba. Ƙaton saurayi ya tsaya yana murza ƙusa a hannu, ita kuma ta dafe murhu tana hura wutar da ke ci da kanta. Mu uku a ɗaki ɗaya, kowa kunyarsa ta ishe shi.

Can ya yi gyaran murya ya daki takin ƙasa da ƙafa.

"Aikin nan bai ƙare ba. Matakala sai an gwada ta da nauyi, ke kuwa ko nauyin kazar kirki ba ki kai ba. Gobe zan hau da buhu huɗu."

"Ka sauko da tsiyarka in ka gama."

"Ba a saukarwa sai bayan wata shida. Dokar kafintoci ce."

"Ƙaryar kafintoci dai."

Na ɗauka kora ce za ta biyo baya. Sai ta kwance bakin zani, ta ɓare goro ta jefa masa rabi, tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Da ɓawonta za ka sayo, sakarai. Wace mace ce ke ajiye ɓararriyar masara a sama? Ido ɗaya su Bongfen 'yan taron mata za su yi mata su ce ta kasuwa ce."