Ilu Na-Kowa da Jaririn Nguru

A unguwarmu babu wanda bai san Ilu Na-Kowa ba. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk mutumin da ka ambata, ɗan uwansa ne. Ka ce attajirin Funtuwa, ya ce kakarsu ɗaya. Ka ce limamin Juma'a, ya ce goggonsa ce ta yaye shi. Ran nan aka nuno wani Balarabe a talabijin, Ilu ya ƙura masa ido ya ce, "Wannan hancin namu ne." Alhali hancin Ilu kamar an zauna a kai.

To, sai Ilu ya ƙyalla ido a kan Zulai, autar Alhaji Tanimu. Ma'aikaciyar asibiti ce, mijinta ya rasu, ta daɗe da gama takaba, manema sai zarya suke. Matsalar ɗaya ce. Kowa ya san Alhaji mutum ne mai son auren zumunci, 'ya'yansa duk a cikin dangi ya aurar da su. Da Ilu ya ji haka sai ya bugi ƙirji ya ce, "In dai dangantaka ce, ai ni ake jira."

Ana nan sai 'ya'ya da jikoki suka shirya walima, don Alhaji da matarsa Hajiya Lanti sun haura shekara hamsin da aure. Aka kafa rumfa, aka shimfiɗa dardumai. Dangi na kusa a gaba, su da tiren kaji. Maƙwabta a baya, su da shinkafa da yankan nama ɗai-ɗai. Ilu ya aro babbar riga, ya yi wanka da turare har ƙudaje suka canza hanya, amma a baya aka zaunar da shi.

Bayan addu'a, jikoki suka ce a ba su tarihin gida. Alhaji ya gyara murya.

"Kakana Jibo bafatake ne. Daga Gobir ya taso da raƙuma."

"Da jakuna," in ji Hajiya.

"Lanti, kakana ne ko naki?"

"Naka ne, Alhaji. Amma a bakin mahaifiyarka na ji, kuma jakuna ta ce. Ɗaya ma gurgu ne."

Aka fashe da dariya. Ilu ya ga ƙofa ta buɗe, ya miƙe zumbur.

"Baba, Jibon nan ai namu ne! Ƙanin kakar kakata ne ta wajen uba."

Hajiya ta leƙo shi ta saman tabarau. "Ayya. Da nisa kam, amma sannu da zuwa."

"Ta wajen uwa kuma, Inna, da ke muka haɗu a Bakori."

"Ni 'yar Ƙafur ce."

"Eh, ai Bakorin Ƙafur nake nufi."

Wanda ke kusa da shi ya ja masa riga, ya koma ya zauna ragwaf. Can kuma ya hango Zulai tana raba lemo, zuciyarsa ta ce, yau ko a yi ta ko a fasa.

Wata jika ta tambayi tsofaffin wane zama ne ya fi tsaya musu a rai. Nan dai bakinsu ya zo ɗaya, suka ce zaman Nguru, lokacin Alhaji yana sayen fata. Hajiya ta ce suna da wata maƙwabciya da ta haihu, ciwo ya kwantar da ita, nono ya ƙafe. Ita kuwa a lokacin tana goyo, sai ta haɗa yaran biyu tana shayarwa har ɗan maƙwabciyar ya fara rarrafe. Daga baya iyayen suka hau jirgin ƙasa da shi, shi ke nan, ko labari.

"Har yau ina tuna yaron nan," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Ko yana raye, oho."

"Allahu Akbar!"

Kowa ya waiwaya. Ilu ne tsaye, hannu biyu a ka.

"Inna! Ni ne! Ni ne jaririn Nguru!"

Ilu ya tsallake mutane, ya taka farantin wani, ya zube gaban Hajiya dirshan yana kuka wiwi.

"Kai ne?" in ji Hajiya a hankali.

"Ni ne, Inna! Tun da na shigo nake jin jinina yana motsi."

"Ka dai sha sosai ko?"

"Safe, rana, dare! Har ɗanɗanon ina tunawa."

Alhaji ya shafa gemu. "Ilu, a gaban jama'a kake faɗar wannan magana fa."

"A gaban duniya ma, Baba. Liman, ka zama shaida!"

Limamin unguwa ya ɗaga hannu. "Na shaida."

Nan take aka matsa wa Ilu a kan dardumar gaba, aka turo masa tiren kaji. Ya cafki cinya, ya waiwayi maƙwabtan baya yana ɗaga musu gira. Hajiya ta ƙwala kira.

"Zulai! Zo nan, 'yar albarka. Zo ki gaida yayanki."

Zulai ta zo ta rusuna. "Yaya, ina wuni?"

Ilu ya washe baki. "Lafiya lau, ƙanwata. Ai irin yayan nan ne na zumunci, wanda ake iya..."

"A'a," in ji Liman. "Yaya sosai. Nono ɗaya kuka sha. Aure tsakaninku ya haramta har abada."

Ƙut! Nama ya tsaya wa Ilu a wuya. Idanu suka firfito. Sai da wani ya ɗima masa duka a baya.

Alhaji kuwa sai hamdala yake. "Allah ya kawo ka a kan gaɓa. Ranar Asabar dangin wani ɗan ƙanwata za su zo neman aurenta. Kai za ka tarbe su, tunda ga babban wa."

"Baba, tsaya! Da na sake tunani, kamar ba ni ba ne. Ni ko tashar Nguru ban sani ba. A nan bayan kasuwa aka haife ni, kowa ya sani!"

"To zauna mu bi ta a hankali," in ji Alhaji. "In ka sha, kai yayanta ne, babu aure. In ba ka sha ba, ka sa matata kuka a kan ƙarya, ka kuma sa Liman shaida. Ni kuwa ba na ba maƙaryaci 'ya. Wanne ka ɗauka?"

Ilu ya dubi Alhaji, ya dubi Zulai. Gumi ya jiƙa rigar aro sharkaf. Ya matsa kusa da Liman, ya rage murya.

"Allah gafarta Malam, in ɗan kurɓa kawai na yi fa?"

"Ko ɗigo ne, ya wadatar."

Rumfa ta ɗauki ihu. Ilu ya tattare riga ya arce fit, takalmi ɗaya a ƙafa.

An ɗaura auren Zulai bayan Sallah. Har yau in ta biyo ta bakin kasuwa ita da mijinta, ta hango Ilu a majalisa, sai ta sa a tsayar da mota, ta sauke gilashi, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Yaya, ina wuni? Inna ta ce kwana biyu ba ka leƙo ba!"